Nna Rukayat Mai Kifi a Tekun Zanzibar

Duk wanda ya saba sayen busasshen kifi a kasuwar Kure da ke Minna ya san Nna Rukayat, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke zama a bakin kwanar layin 'yan kifi, wadda in ka ɗauki tarwaɗarta ka tsaya jujjuyawa za ta ce maka, "Ba ta cizo, saya kawai." Ni maƙwabciyarta ce a Limawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma shekara goma sha bakwai ke nan hayaƙin bandarta yana shigo mini ɗaki ta taga. Labarin zuwanta teku na ji shi daga bakinta ya fi sau ashirin, na kuma kalli hotunan da idona.

An haife ta a wani ƙauyen masunta a gaɓar kogin Kaduna, can ƙasar Bida. Su tara ne a wurin mahaifiyarsu, ita ce ta shida. Ta ce ba za ta iya tuna ranar da ta koyi iyo ba, don tun ba ta yi wayo ba yayyenta ke jefa ta ruwa su kamo. Tana da shekara goma sha tara ta auri Ndanusa, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kawo ta Minna. Daga nan ba ta ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Ba wanda ya hana ta. Ga goyo, ga kasuwa, ga shi garin ba shi da wani kogin kirki a kusa, sai abin ya wuce haka nan.

Da Ndanusa ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, bandar kifi ce ta riƙe gidan. Takan sari ɗanye daga masuntan Shiroro da na wajen Wushishi, ta gyara, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya bisa ganga, ta kunna itace. Da gangunan nan nata uku ta aurar da mata biyu, ta kai maza biyu jami'a. Autanta Zikrullahi ya karanta aikin lantarki, ya ƙware a kan na hasken rana, har wani kamfani ya ɗauke shi zuwa Zanzibar yana haɗa wa otal-otal wuta. Can ya tafi da matarsa Karima, 'yar unguwar Tunga.

A shekarar 2024 Karima ta haifi ɗa namiji. Mahaifiyarta ba ta da ƙoshin lafiyar da za ta yi doguwar tafiya, saboda haka wankan jego ya faɗo kan Nna Rukayat, tana da shekara hamsin da takwas, ba ta taɓa wuce Abuja ba. Ranar da fasfo ɗinta ya fito sai da ta zagaya da shi gida-gida a layinmu. Ta cika jaka da daddawa da yaji da kanwa da gero, ta bar rumfarta a hannun ƙawarta Mercy Shekwolo, mai sayar da doya 'yar Gwada, wadda suka shekara ashirin suna zama kafaɗa da kafaɗa a kasuwa. Mercy ta raka ta tasha tana cewa, "Ki dai dawo mana da ƙafarki, kar ruwan mutane ya ɗauke ki."

Kwana arba'in ta yi tana dafa ruwan wanka da kunun kanwa. Tekun tana jin ƙamshinsa, tana hango shi daga saman bene kamar an shimfiɗa shuɗin zane, amma ba ta je bakinsa ba. Inda take zuwa kullum shi ne kasuwar kifin unguwar, ta tsaya tana kallon kifayen da ba ta san sunansu ba, tana ciniki da yatsu.

Karima ce ta lura. Wata Laraba da yamma tana shayar da jariri ta ce, "Mama, Asabar za ki shiga jirgin ruwa. Na riga na gaya wa ɗanki, ya kama muku wuri."

"Jirgin ruwa zuwa ina?"

"Yawo. Tsibiri-tsibiri za a kai ku, ku ga manyan kifaye, ku leƙa ƙarƙashin ruwa."

"To wa zai yi miki wanka?"

"Mama, arba'in fa ta cika tun shekaranjiya. Zan iya wanke kaina."

Ta miƙo mata leda. A ciki akwai doguwar rigar iyo mai wando da hular da ke rufe kai da wuya, baƙa mai ratsin ja. Nna Rukayat ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta fashe da dariya. Ta ce a ranar sau uku tana gwada ta a ɗaki.

Asabar da hantsi suka isa wani ƙauye a bakin teku. Ruwa ya janye, sai da suka taka cikinsa har gwiwa kafin su kai ga jirgin, wani dogon jirgin katako mai inji a baya da ƙaton ƙyalle naɗe a jikin sanda. Su goma sha biyu ne fasinja: Turawa shida, wani iyali daga Kenya, sai ita da Zikrullahi. Matuƙin jirgin wani baƙin dattijo ne siriri mai suna Makame. Ya raba wa kowa rigar da ke hana nutsewa, ya zo kanta ya ɗaure mata da kansa. Zikrullahi ya ja shi gefe yana yi masa magana da yarensu yana nuna ta.

"Me kake ce masa?"

"Na ce ya sa ido a kanki, Nna, ke tsohuwa ce."

"To madalla," in ji ta, ta je ta zauna a can gaban jirgin inda iska ta fi kaɗawa.

Abin da ya fara ba ta mamaki launin ruwan ne. Kusa da gaɓa fari ne tas, kana ganin inuwar jirgi a kan yashi. Can gaba ya koma kore, sannan shuɗi mai duhu kamar an zuba baba. Ta sa hannu ta ɗebo, ta ga a tafinta ba shi da launi ko kaɗan. Ta sake ɗebowa. Haka ta riƙa yi har ɗan ya ce mata hannunta zai yi sanyi.

Sun yi kusan rabin awa suna tafiya sai Makame ya rage gudu, ya kashe inji, ya ɗaga hannu alamar a yi shiru. Jirgi ya tsaya yana lilo. Ba a jin komai sai ruwa yana bugun katako. Can sai aka ji wani "fuuu" daga dama, kamar saniya ta huro hanci.

"Pomboo!" in ji Makame, yana nuni da yatsa.

Wani baƙin baya mai sheƙi ya ɓullo, da ƙaho ɗaya a tsakiya, ya lanƙwasa ya koma. Wani ya biyo shi, sai wani. Nna Rukayat ta miƙe tsaye. Ita dai Hausarta ta Nufawa ce, in zumuɗi ya kama ta ba ta bambanta mace da namiji.

"Zikiru! Zikiru, ga shi can! Ta fito! Ya fito da ɗanta! Wayyo Allah, dubi ɗan!"

"Nna, ki zauna, za ki faɗa!"

Ba ta ji shi ba. Ta ƙirga bakwai, lissafi ya ɓace mata, don wasu sun nutse ta nan sun ɓullo ta can. Biyu suka zo gab da jirgin suka wuce ta ƙarƙashinsa, tana ganin jikinsu gaba ɗaya, kowanne ya fi ta tsawo. Ɗaya ya juya gefe ya kalle ta da ƙaramin idonsa. Ta rantse mini da cewa ita ya kalla, ba Turawan ba. Sannan wani ya yi tsalle ya fita daga ruwan ɗungurungum, ya juya a sama, ya faɗo tim, ruwa ya fantsamo musu a fuska. Jirgin ya kaure da ihu. A hoton bidiyon da Zikrullahi ya ɗauka muryarta ce ta danne ta kowa, tana salati tana guɗa lokaci guda.

Da ta samu numfashi ta ce, "Wane irin kifi ne wannan mai huci kamar mutum?"

Zikrullahi ya tambayi Makame, ya juyo. "Ya ce ba kifi ba ne. Dolfin ake ce masa. Haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono."

"To ai ayu ne na teku! Babana ya taɓa nuna mini ayu sau ɗaya, hancinsa kawai na gani. Tambaye shi, ana ci?"

Makame ya girgiza kai yana dariya, ya ce a'a, an hana taɓa su.

"Gara haka," in ji ta. "Wannan ko kyauta aka ba ni ba zan ɗora shi a wuta ba."

Tsibirin farko ba ko bishiya ɗaya a kansa. Tudun farin yashi ne kawai a tsakiyar teku, tsawonsa bai wuce filin ƙwallo ba. Ma'aikatan jirgin suka kafa rumfa da sanduna huɗu, suka fasa kwakwa, suka yanka abarba da kankana. Nna Rukayat ta zagaye tsibirin da ƙafa tun daga wannan baki har wancan, tana dariya ita kaɗai, wai yau ta taka ƙasa guda daga farko har ƙarshe kafin ruwan kwakwarta ya ƙare.

Daga nan aka matsa da jirgi kaɗan zuwa inda ruwa ya yi duhu-duhu, aka jefa ƙarfen tsayar da jirgi. Makame ya fito da buhu cike da gilasan rufe ido da hanci, kowanne da lanƙwasasshen bututu da ake cizawa a baki a yi numfashi ta cikinsa. Ya nuna yadda ake sawa, ya gargaɗe su kada wanda ya taɓa ko ya taka duwatsun ƙasa, don masu rai ne.

"Nna, ke ki zauna a jirgi ki riƙe mini waya," in ji Zikrullahi.

"Kai za ka riƙe waya. Miƙo mini abin."

Ta sauka ta tsani, ta kifa fuska a ruwa, ta manta, sai ta buɗe baki. Ta ɗago tana tari, idanu jajur.

"Wa ya zuba gishiri haka? An ce da gishiri, amma wannan ai ya fi na miyar amarya!"

Makame ya sauko kusa da ita, ya gyara mata bututun, ya nuna mata ta ja numfashi a hankali. Ta sake kifawa. Wannan karon ba ta ɗago ba.

Duk lokacin da ta zo wannan wuri a labarin sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce kamar an buɗe mata ƙofar wata kasuwa da ke ci a ƙasa. Duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwaƙwalwa, wasu kamar faifai, ruwan hoda da ɗorawa da shuɗi. Daga baya aka gaya mata dangin murjani ne, ta ce ashe abin da ake saƙalawa a wuya a Bida gona guda yake da ita a ƙarƙashin ruwa. Kifaye kuwa ba a magana. Wasu ƙanana masu ratsin fari da baƙi suka taso garke guda suka kewaye ta, har suna gogar hannunta. Wani rawaya fal mai dogon baki. Wani kore da shuɗi mai baki kamar na aku yana gatsar dutse, tana jin ƙarar haƙoransa ƙaras-ƙaras a cikin ruwan. Ta ce shekara kusan arba'in tana fafe cikin kifi, ta san ƙashinsa da kitsensa, amma ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda yake harkarsa a gidansa ba, yana kiwo, yana korar ɗan'uwansa daga bakin rami.

Rigar hana nutsewar ce ta dame ta, tana riƙe ta a sama kamar gora. Ta ɗago ta yi wa Makame alama tana son cirewa. Ya ƙi. Ta yi iyo ta zagaye jirgin sau ɗaya, ta dawo gabansa ta tsaya tana kallonsa. Dattijon ya yi murmushi, ya kwance mata, ya ɗauki tayar ceto ya biyo ta a baya.

Ta cika ƙirji da iska ta nutsa. Ta ce hannuwanta da ƙafafunta ba su tambaye ta komai ba, suka kama aikinsu. Ta gangara har ƙasa, ta dafa farin yashi a gefen wani jan abu mai siffar tauraro, ta juyo ta kalli sama, ta ga cikin jirgin da ƙafafun mutane suna reto a cikin haske. Da ta ɓullo, Turawan da suka gani suna tafa mata, matar nan 'yar Kenya tana kiran "Mama! Mama!"

Zikrullahi kuwa yana cikin ruwa maƙale da igiyar jirgi da hannu biyu, da rigarsa ta hana nutsewa da komai, bai yarda ya saki ba. A Limawa aka haife shi, iyakarsa ruwan bokiti.

"Nna, dama kin iya haka?"

"Ka taɓa tambayata? Saki igiyar nan."

"Akwai zurfi fa."

"Na gani, daga can nake. Kawo hannunka."

Ta kama shi ta ja shi a hankali, injiniya guda mai gemu, yana wutsil-wutsil da ƙafa. Ta kifa masa kai. Can sai ta ji ya matse hannunta, yana nuna mata wani kunkurun ruwa da ke wucewa can ƙasa ba ya ko sauri. Sun fi minti ashirin a haka. Su ne na ƙarshe da suka hau jirgi, sai da Makame ya busa usur sau biyu.

A tsibiri na biyu aka ci abinci. Wannan yana da bishiyoyi da rumfunan ganyen kwakwa, an jera kifi da manyan jatan lande a kan garwashi. Ba ta zauna ba sai da ta je wurin mai gashin, ta nuna masa wutarsa ta yi yawa, ta karɓi sanda ta baje masa garwashin, ta juya kifin da kanta. Aka kawo mata wani abu mai ƙafafu takwas, ta ce ita ba za ta ci abin da ya fi ta ƙafa ba. Da ta ga ɗanta yana ci ta ɗanɗana, ta ƙara, ta ce da an sa yaji da ya yi. Bayan rumfunan ta tarar da wata tsohuwar kuka da ta faɗi ta ci gaba da tsiro a kwance, mutane suna hawa suna ɗaukar hoto. Ta tsinki ganyen ta murza ta sansana, ta sa a tambayar mata ko suna miya da shi. Aka ce 'ya'yan kawai suke sha. Ta ce Allah ya kyauta. A inuwarta ta yi azahar.

Suka biya ta wani tsibiri na uku, inda jirgi ya kutsa cikin wani lungu da itatuwa suka tsiro a cikin ruwa, saiwoyinsu a waje. Nan ma ta shiga. Da la'asar aka kashe inji aka warware ƙyallen nan, iska ta cika shi, jirgi ya kama hanyar gida ba ƙara. Tana ta waige-waige.

"Ina tsibirin da muka sha kwakwa?"

"Mun wuce ta kansa yanzu, Nna. Ruwa ya dawo ya rufe shi. Gobe da safe zai sake fitowa."

Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai ruwa. Ta riƙe baki har suka iso gaɓa.

Bayan sati biyu ta dawo Minna, ta yi baƙi ƙirin, baki har kunne. Tsarabar da ta fi ji da ita gilashin nan ne da bututunsa, Karima ta saya mata sabo. Ranar da ta koma kasuwa ciniki ya tsaya a layin 'yan kifi, waya tana yawo hannu-hannu. Mercy ta kalli hoton iyonta sau uku ta ce, "Wannan ba ke ba ce. Yaran yanzu suna iya haɗa komai a waya."

"Zo gida Lahadi in kin taso coci."

Ina nan ranar. Aka cika babbar ganga da ruwa a tsakar gida, Nna Rukayat ta jefa cokali da murfin kwalba a ciki, ta ɗaura wa Mercy gilashi. Mercy ta yi addu'a, ta kifa kai, muna jin numfashinta ta bututu kamar ana hura wuta. Ta ɗago tana ihu, "Ina gani! Ina numfashi kuma ina gani!" Kafin magariba mata tara sun leƙa gangar nan, har da ni.

Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, ta sa muka ɗauki bas guda mu goma sha ɗaya zuwa bakin kogi a wajen Wushishi, wurin wasu masunta da take saye a hannunsu. Ta kafe sai kowa ta sa rigar hana nutsewa, ta aro su tun ana saura kwana uku. Ruwan ja ne, da gilashin ma ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannunka, amma ba wadda ta damu. Ta sa Mercy ta kwanta rigingine a inda ruwa ya kai ƙugu, ta tallafe ta da hannu biyu, tana ce mata ta saki jiki ta kalli sama. Can ta janye hannuwanta ta ɓoye su a baya. Mercy tana shawagi tana ta surutu, ba ta sani ba, sai da muka fashe da dariya.

Yanzu Nna Rukayat tana nan a bakin kwanarta. Ta koya wa mata huɗu iyo, Mercy ce ta fi su naci. Jikan ya fara tafiya, kuma Karima ta kira ta a watan jiya ta ce mata ta fara shiri, don ana sa ran na biyu bayan babbar salla. Ita kuwa Nna Rukayat ta riga ta gaya wa Zikrullahi cewa wannan karon a sama mata jirgin da ke fita da sassafe, an ce lokacin dolfin suka fi yawa.